Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Tawaga Ke Tsara Aikin Gina Gidan Yanar Gizo da Rubuta Bayanansa

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi idan mutum biyu zuwa goma suka haɗu za su gina gidan yanar gizo, ko na wani mai aiki ne (wato wanda ya ba su aikin), ko na ma'aikatarsu, ko aikin makaranta. Amsoshin sun fi karkata ga abin da ya kamata a yanke a rubuta kafin a taɓa kod, wato rubutun umarnin da ake gina gidan da shi, domin can ne galibin ayyuka ke lalacewa.

Daga ina ake farawa?

Daga takarda guda, shafi ɗaya ko biyu, wadda ake kira takardar manufa. Kada kowa ya buɗe manhajar zane irin Figma ko ya sayi adireshin gidan kafin a gama ta. Abu biyar take amsawa: don me ake gina gidan, su wa za su shiga, me ake so su yi idan sun shiga, da me za a gane an yi nasara, sannan wane ne ke da maganar ƙarshe.

Tambaya ta uku ce ta fi ba mutane wahala. Idan aka tambayi mai aiki sai ya ce yana so "a san da mu", ko kuma "ya yi kyau, ya zama na zamani". Ba a iya zana wannan, ba a iya gwada shi. A matsa masa har sai ya faɗi wani abu da mai ziyara zai aikata da yatsansa: ya cike fom ɗin neman shiga, ya sauke jadawalin darussa, ya kira lambar ofis, ya biya kuɗin kaya. A ɗauki cibiyar koyar da sana'a a matsayin misali. Jimlar da za ta yi amfani ita ce: "Mai neman shiga ya ga darussan da ake da su, ranar farawa da kuɗin kowanne, ya yi rajista daga wayarsa ba tare da ya zo ofis ba." Daga wannan jimla kaɗai an san akwai shafin darussa, akwai fom, kuma an san cewa ƙaramin allon waya ne za a fara zanawa.

Idan manufofin sun haura uku, a jera su bisa muhimmanci, a sa mai aikin ya amince da jerin a rubuce. Ranar da aka soma ja-in-ja kan abin da zai hau saman shafin farko, wannan jerin ne zai raba gardama.

Mutum nawa ake buƙata, kuma wa zai yi me?

Ayyukan ne ke da adadi, ba mutanen ba. Akwai jagoran aiki mai riƙe jadawali da magana da mai aiki, mai tattara rubutu da hotuna, mai zana fasali, mai rubuta kod na abin da ake gani a burauza, mai kula da sabar (kwamfutar da ake ɗora gidan a kai) da rumbun bayanai, da mai gwaji. Mutum uku na iya raba waɗannan shida a tsakaninsu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar ɗaya daga ciki ba suna a kansa, kuma wanda aka fi bari haka shi ne rubutu, sai gwaji.

A yi tebur mai sauƙi: kowane aiki a layi ɗaya, a gabansa sunan wanda zai yi, sunan wanda zai amince, da waɗanda za a ji ta bakinsu. Gurbin mai amincewa suna ɗaya tak yake ɗauka. In aka rubuta "kwamiti" a wurin, to a shirya karɓar gyara iri uku masu cin karo da juna a kan shafi ɗaya. Idan mai aikin ma'aikata ce mai shugabanni da yawa, su zaɓi wakili guda wanda zai tattara ra'ayoyinsu, ya tace, ya kawo muku murya ɗaya.

Aiki ya makara. Mu ƙara mutane?

Da wuya hakan ya taimaka. Masanin manhaja Fred Brooks ya bayyana tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya riga ya makara yana ƙara jinkirta shi ne. Lissafin a fili yake: mutum 4 suna da hanyoyin magana 6 a tsakaninsu, mutum 8 suna da 28. Ga kuma lokacin da tsofaffin hannu za su ɓata wajen koya wa sabon shiga. Abin da ya fi shi ne a rage abin da za a fitar a zagayen farko, ko a ɗaga ranar.

Yaya ake hana aikin yin ta faɗaɗa ba iyaka?

A rubuta iyakar aiki da jeri biyu: abin da ke ciki, da abin da ba ya ciki. Jeri na biyun ya fi na farko amfani, kuma shi ne mutane ke jin nauyin rubutawa. "Babu biyan kuɗi ta intanet a wannan zagaye." "Harshe ɗaya ne." "Ɗaukar hotuna ba namu ba ne." "Gyaran zane sau biyu ne ga kowane shafi." Duk abin da ba a ambata ba, mai aiki zai ɗauka yana ciki, ku kuma ku ɗauka ba ya ciki, kuma kowa na ganin shi ke da gaskiya.

Abin da ke ciki a kasa shi huɗu: wanda dole ne, wanda ya kamata, wanda in an samu sarari, da wanda aka ajiye sai wani karo. Idan aka ga kusan komai ya faɗa rukunin dole, ba a yi rabon ba tukuna. Gwajin shi ne: in babu wannan abu, za a iya buɗe gidan kuwa? In za a iya, ba dole ba ne.

Sabbin buƙatu za su zo, ba makawa, kuma wasu masu kyau ne. Ba a cewa a'a nan take, ba a kuma cewa to. Ana rubuta buƙatar, a ƙiyasta kwanakin da za ta ci, a mayar wa mai aiki da zaɓi: a ƙara lokaci, a ƙara kuɗi, ko a cire wani abu a madadinta. Kalmar da ta fi haɗari ita ce "ɗan ƙaramin abu ne". Ƙara harshe na biyu, alal misali, ba fassara kawai ba ce. Yana shafar tsarin adireshin kowane shafi, jerin zaɓi, faɗin maɓallai, saƙonnin fom, kuma in rubutun daga dama yake farawa kamar Larabci, fasalin gaba ɗaya sai an juya shi.

Me ya sa kullum ake cewa rubutu ne ke riƙe aiki?

Domin kowa na ɗaukarsa abu mai sauƙi, sai a bar shi ƙarshe. Mai aiki ya ce zai turo, ya shiga harkokinsa. Mai zane ya cike gurbi da rubutun wucin gadi mara ma'ana, komai ya zauna daidai. Ranar da rubutun gaske ya iso, kanun da aka zana wa kalma huɗu ya zo da goma sha biyu, bayanin wani darasi layi biyu ne, na wani sakin layi bakwai, rabin ma'aikatan ba su da hoto. Sai a koma zane, a koma kod.

Maganin shi ne jadawalin abun ciki, tun makon farko. Tebur ne a Google Sheets ko makamancinsa, kowane shafi da layinsa: sunan shafi, adireshinsa, manufarsa a jimla ɗaya, wanda zai rubuta, wanda zai duba, ranar miƙawa, hotunan da yake buƙata, da matsayin da yake ciki yanzu. Idan akwai tsohon gidan yanar gizo da za a maye gurbinsa, a ƙara gurbi biyu: tsohon adireshi, da hukuncin da aka yanke masa, wato a riƙe, a gyara, a haɗe da wani, ko a zubar. Wannan gurbin zai yi amfani sosai ranar buɗewa.

Kada a ba mai rubutu farar takarda a ce ya rubuta "game da mu". A ba shi gurabe masu iyaka: kanu bai wuce haruffa 60 ba, gabatarwa jimla biyu, sannan tambayoyi uku da zai amsa. Mutumin da ya kasa cika farar takarda a wata guda yakan cika irin wannan a zama ɗaya. In kuwa ya gagara, a zauna da shi minti talatin, a yi masa tambayoyin da baki, wani daga tawaga ya rubuta, shi kuma ya gyara.

Hotuna na da nasu matsalar. A rubuta daga ina kowanne ya fito da kuma izinin amfani da shi. Hoton da aka kwaso daga binciken Google ba kyauta ba ne, yana da mai shi. Tambarin ma'aikata a nemi asalin fayil ɗinsa na SVG (nau'in hoton da ba ya dishewa in an ƙara girmansa) ko makamancinsa, ba hoton da aka ɗauko daga kan takardar wasiƙa ba. Haka salon haruffa: a duba lasisinsa, a kuma gwada shi da dukan haruffan da rubutun zai ƙunsa. Salo da yawa masu kyan gani ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon, kalma ɗaya ta fito da haruffa iri biyu.

A yarjejeniya a rubuta ƙarara cewa idan rubutu ya makara da mako guda, ranar buɗewa ma ta matsa da mako guda.

Mene ne bambancin taswirar shafuka, zanen ƙwarangwal, cikakken zane da samfurin gwaji? Dole sai an yi duka?

Kowanne tambaya daban yake amsawa. Taswirar shafuka tana nuna shafuka nawa ne da wanda ke ƙarƙashin wane. Zanen ƙwarangwal akwatuna ne da layuka, baƙi da fari, yana nuna abin da ke kan shafi da wanda ya zo kafin wani. Cikakken zane shi ne mai launi, haruffa da hotuna. Samfurin gwaji kuwa zanen ne aka haɗa shi yadda za a iya latsawa a bi daga shafi zuwa shafi.

Biyun farko ba a tsallake su. Dalilin rashin launi a ƙwarangwal shi ne, da zarar mutum ya ga launi, maganar launi zai yi, ya manta da tambayar da aka kawo masa, wato ko abubuwan suna inda ya dace. Ƙwarangwal a takarda da biro ma ya wadatar, kuma gyaransa minti biyar ne, alhali gyara iri ɗaya bayan an rubuta kod na iya cin yini.

Ba kowane shafi ake zanawa ba. Gida mai shafi 40 yakan kasance da fasali biyar ko shida ne da ake maimaitawa: shafin farko, shafin jeri, shafin bayani ɗaya, shafin rubutu zalla, shafin fom. Su ake zanawa, kowanne a faɗin waya da na kwamfuta. A fara da waya, domin matsatsin wurin yana tilasta a zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Samfurin gwaji kuma sai inda akwai matakai masu bin juna, kamar rajista ko sayayya.

Yaya ake ƙiyasta lokaci ba tare da yaudarar kai ba?

A farfasa aikin har sai kowane gutsure bai wuce kwana biyu ba. "Gina shafin rajista" ba gutsure ba ne. A cikinsa akwai fasalin fom, tantance abin da aka shigar, saƙonnin kuskure, ajiyewa a rumbun bayanai, imel ɗin tabbatarwa, da kariya daga saƙonnin banza. Wanda zai yi aikin shi ke ƙiyastawa, ba jagora ba.

Ga abin da ba a saba yi ba, a ba da lamba uku: in komai ya tafi daidai, yadda aka fi zato, da in abu ya cije. A haɗa ta farko da ta ƙarshe da ninki huɗu na ta tsakiya, a raba da 6. Aikin da aka ce kwana 2, 4 da 12 zai ba da kwana 5.

Abin da ake mantawa a jadawali shi ne lokacin jira. Idan mai aiki na ɗaukar kwana biyar kafin ya duba zane, kuma akwai dubawa huɗu, kwana 20 ke nan da babu wanda ya lissafa. A sa su a jadawali da sunansu, a kuma amince tun farko kan kwana nawa yake da su na mayar da amsa.

Scrum za mu bi ko Kanban?

Duka biyun tsare-tsare ne na tafiyar da aikin tawaga. Ga ƙaramar tawaga, allon Kanban mai ginshiƙi huɗu a manhaja irin Trello, Jira ko GitHub ya isa: jira, ana yi, ana dubawa, an gama. Kowane kati da suna ɗaya da rana. Kada mutum ya riƙe kati fiye da biyu a ginshiƙin "ana yi". Daga Scrum abu biyu sun cancanci aro: gajeren taron minti 15, da nuna abin da aka gama a ƙarshen kowane mako ɗaya ko biyu. Sauran tarukansa, ga mutum huɗu, nauyi ne kawai.

Abin da ya fi zaɓin tsari muhimmanci shi ne a rubuta ma'anar "an gama". Misali: yana aiki a waya da kwamfuta, wani ya duba kod ɗin, rubutun gaske ne a ciki, an ɗora shi a kwafin gwaji, wato kwafin gidan da ba a buɗe wa jama'a ba. In babu wannan, "na gama" na nufin yana aiki a kwamfutar wanda ya faɗa.

Waɗanne takardu ne lallai a ajiye, kuma a ina?

Takardar manufa da iyakar aiki, teburin rabon aiki, jadawalin abun ciki, taswirar shafuka, fayil ɗin zane, kundin shawarwari, bayanin yadda ake tayar da aikin a kwamfuta, da takardar miƙa aiki. Takwas ke nan. Fiye da haka, ga ƙaramin aiki, ba za a riƙa sabunta su ba, kuma takardar da ta tsufa ta fi rashinta illa, tun da mutum zai gaskata ta.

Wurin ajiya ɗaya ne, ko Google Drive, ko Notion, ko cikin ma'ajiyar kod ɗin kanta, da shafi guda a gaba mai mahaɗa zuwa komai. WhatsApp da Slack wurin hira ne. Duk shawarar da aka yanke a can, wani ya kwashe ta zuwa kundi a ranar, in ba haka ba bayan wata biyu sai a ga mutum uku suna laluben saƙon murya. Sunayen fayil su ɗauki kwanan wata da shekara a gaba, kamar 2025-03-14, domin su jeru da kansu. Hakan ya fi "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske".

Mene ne kundin shawarwari?

Shi ne takardar da ta fi kowace arha kuma aka fi yin nadamar rashinta. Duk lokacin da aka yanke wani abu mai wuyar warwarewa, a rubuta layi biyar: rana, abin da aka yanke, dalili, abin da aka duba aka bari, da wanda ya amince. Masu gina manhaja sun saba da irin wannan gajeren rubutu, wanda Michael Nygard ya yaɗa tsarinsa a 2011, amma yana aiki ga zane da rubutu ma.

Ga yadda shigarwa ɗaya take kasancewa: "An zaɓi WordPress, manhajar gina gidan yanar gizo. Dalili: ma'aikatan ofis biyu ne za su riƙa sa labarai da kansu, kuma ba su iya kod ba. An duba gina shi da fayilolin HTML zalla, zai fi sauri da sauƙin tsaro, amma kowane gyara sai an nemo mai kod. Abin da muka ɗauka a kanmu: sabunta manhajar da ƙarin kayanta kowane wata." Kod yana nuna abin da aka yi, amma ba ya faɗin dalili. Wanda ya gaji aikin bayan shekara, in bai ga dalilin ba, ko dai ya ji tsoron taɓa komai, ko ya rushe abin da aka yi da gangan.

Idan aka sauya shawara, ba a goge tsohuwar. Ana rubuta sabuwa, a nuna cewa ta maye gurbin waccan.

Bayan kowane taro da mai aiki kuma, a tura masa gajeren imel a ranar: ga abin da muka amince, ga wanda zai yi me, ga rana.

Mu biyu ne kawai masu kod. Sai mun yi amfani da Git?

E. Ko mutum ɗaya ne. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ajiye tarihin kowane canji, yana kuma hana wani ya taka aikin wani. Ƙa'idoji kaɗan sun isa: babban reshe, wato ainihin kod ɗin, kullum yana cikin yanayin da za a iya ɗorawa a sabar, kowane aiki da reshensa, wato kwafin kod ɗin da ake yin sa a kai daban, ba a haɗewa sai wani ya duba, saƙon kowane canji ya faɗi abin da ya sauya da dalili.

Kalmar sirri da mabuɗan shiga sabis ba sa shiga ma'ajiyar. A sa su a fayil daban, a lissafa shi a .gitignore, wato jerin fayilolin da Git ba zai ajiye ba. In aka yi kuskure ɗaya ya shiga, goge shi a canji na gaba bai wadatar ba, domin yana nan a tarihi. Sai an sauya mabuɗin kansa.

Fayil ɗin README, wato bayanin yadda ake tayar da aikin, ya ƙunshi abin da sabon mutum ke buƙata ya tayar da aikin: manhajojin da zai girka da lambar sigarsu, umarnin da zai buga bi da bi, da yadda ake ɗorawa a sabar. Hanyar gwada shi ita ce a ba wanda bai taɓa ganin aikin ba, a zuba masa ido ba a ce komai. Duk inda ya tsaya, akwai layin da ya ɓace.

Me mai zane zai miƙa wa mai kod?

Ba hoton shafi kawai ba. Zai miƙa launuka da lambobinsu, girman haruffa, ma'aunin tazara, da faɗin allon da fasali ke sauyawa a kansa. Sannan kowane ɓangare da yanayoyinsa: maɓalli a zaune, an ɗora masa linzami, an iso shi da allon madannai, an kashe shi, yana jiran amsa. Fom a wofi, da kuskure, da bayan an aika. Jeri idan babu komai a ciki, da idan abu 200 ne. Shafin 404, wanda ke fitowa idan ba a sami adireshin da aka nema ba. Duk yanayin da ba a zana ba, mai kod zai ƙirƙira shi da kansa cikin gaggawa, daga baya a zo ana cewa bai bi zane ba.

Ya fi kyau mai kod ya ga zanen tun yana ƙwarangwal. Yakan hango abin da zai ci mako guda alhali akwai makamancinsa na awa biyu.

Waɗanne ma'aunai za mu rubuta a matsayin sharaɗin karɓar aiki?

Masu lamba, waɗanda kowa zai iya aunawa. A ɓangaren sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman, ma'aunin da aka sani shi ne WCAG na ƙungiyar W3C, wanda sigarsa ta 2.2 ta fito a 2023, kuma matakin AA aka fi nema. A ƙarƙashinsa bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, ko 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Kowane hoto mai ma'ana ya sami bayanin rubutu domin manhajar da ke karanta wa makafi allo, kowane gurbin fom ya sami lakabi, kuma a iya bin gidan gaba ɗaya da allon madannai kaɗai. A duba launuka tun a zane, domin sauya launin ma'aikata bayan an amince da shi rigima ce.

A ɓangaren sauri, Google na da ma'auni uku: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa latsawa cikin milisakan 200, kuma tsallen da abubuwa ke yi yayin buɗewa kada makinsa ya wuce 0.1. PageSpeed Insights da Lighthouse na auna su kyauta. Abin da ya fi jawo faɗuwa shi ne hoto: an ɗora shi yadda ya fito daga kyamara, faɗin fiksel 4000, a gurbin da 800 ya isa. A rage shi, a mayar da shi nau'in hoto mara nauyi, WebP ko AVIF, a kuma rubuta faɗinsa da tsayinsa a kod don kada shafi ya yi tsalle.

A rubuta kuma burauzoji da na'urorin da za a gwada. A tabbata akwai waya mai ƙaramin ƙarfi da intanet mai jan ƙafa a ciki.

Yaya ake gwaji, kuma yaya ake kai rahoton matsala?

Gwaji iri biyu ne. Na farko, ko abin yana aiki. Na biyu, ko mutane sun gane shi. Na biyun ba ya buƙatar taro: masanin sauƙin amfani da manhaja Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo galibin matsalolin amfani. A ba kowanne aiki na gaske, kamar "nemo ranar da darasin ɗinki zai fara, ka yi rajista", a yi shiru a kalla. Kada a tambaye shi ko ya yi masa kyau, zai ce e don kunya.

Rahoton matsala ya ƙunshi adireshin shafi, na'ura da burauza, matakan da aka bi, abin da aka zata, abin da ya faru, da hoton allo. "Fom ba ya aiki" ba rahoto ba ne. "A Safari na iPhone, in aka sa lambar waya da tazara a tsakani, maɓallin aikawa ba ya motsi kuma babu saƙon kuskure" rahoto ne, kuma mai kod zai gyara shi a zama ɗaya. Kowace matsala da katinta da matsayinta: mai hana buɗewa, babba, ko ƙarama.

Me ake dubawa ranar buɗewa?

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jerin dubawar ana rubuta shi mako biyu kafin ranar, kowane layi da sunan mai shi. Kwana ɗaya ko biyu kafin sauya sabar, a rage TTL na bayanan DNS zuwa daƙiƙa 300 (DNS ne ke haɗa adireshi da sabar, TTL kuma tsawon lokacin da ake riƙe tsohon bayani kafin a nemi sabo). Idan yana kan daƙiƙa 86400, wasu masu ziyara za su ci gaba da ganin tsohon gidan har yini guda, kuma in an sami matsala komawa baya ma zai ɗauki haka. A kwafe dukan bayanan DNS na yanzu kafin a taɓa su, musamman na MX, masu nuna inda imel ke zuwa. Sau da yawa gidan yana buɗewa lafiya, sai washegari a gane imel ɗin ma'aikata ya daina shigowa saboda an bar su a baya.

Kowane tsohon adireshi a tura shi zuwa sabonsa da turawar 301, wato turawa ta dindindin, daga gurbin tsohon adireshi na jadawalin abun ciki. Tura su duka zuwa shafin farko ba gyara ba ne. A cire umarnin noindex, mai hana injunan bincike lissafa shafi, da aka sa a kwafin gwaji. A WordPress akwati ne guda a saitin karatu, kuma mantawa da shi na nufin injunan bincike ba za su lissafa gidan ba. A tabbata HTTPS, kariyar sadarwa tsakanin burauza da sabar, na aiki kuma takardar shaidarsa na sabunta kanta, domin irin ta Let's Encrypt an saba ba da ita ta kwana 90 ne. A cike kowane fom a gidan na gaske, a ga saƙon ya isa akwatin da ya dace. A ɗauki cikakken kwafin ajiya na tsohon gidan, a rubuta matakan komawa gare shi da wanda ke da ikon cewa a koma.

A buɗe da safe, a farkon makon aiki, lokacin da kowa yana kusa.

Da sunan wa za a yi rajistar adireshi da masauki (wurin da aka yi haya a sabar)?

Da sunan mai aikin, da imel na ma'aikata wanda ba na mutum ɗaya ba ne. Tawaga a ba ta izinin shiga kawai. Idan mai kod ya yi rajista da sunansa don sauƙi, ranar da ya bar aiki ko aka saɓa, adireshin na hannunsa. Ko da niyyarsa mai kyau ce, adireshi irin na .com da aka yi wa sabuwar rajista ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai bayan kwana 60. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, a duba cewa katin da aka ɗaura bai kusa ƙarewa ba.

Me ke cikin takardar miƙa aiki?

Jerin dukan asusun da gidan ya dogara da su, wanda ya mallaki kowanne, da ranar da kuɗinsa ke ƙarewa: adireshi, masauki, salon haruffa ko ƙarin manhaja na kuɗi, sabis ɗin tura imel. Kalmomin sirri ba a rubuta su a ciki. A miƙa su ta manhajar ajiye kalmar sirri irin Bitwarden ko 1Password, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a cire waɗanda aikinsu ya ƙare.

Sai jagorar mai gyara: yadda ake sa labari, sauya hoto da girman da ya dace, ƙara shafi, da abin da bai kamata a taɓa ba. Gajerun bidiyon allo na minti biyu ko uku, kowanne kan aiki ɗaya, sun fi doguwar takarda shiga. A ƙara jerin matsalolin da aka sani ba a gyara ba, da abubuwan da aka ɗage zuwa zagaye na biyu.

A ƙarshe a fayyace kulawa: wa ke sabunta manhaja, sau nawa, ina kwafin ajiya ke zuwa, kwana nawa tawaga za ta gyara kurakurai kyauta bayan buɗewa, kuma me ake ɗauka kuskure, me ake ɗauka sabon aiki. Kwafin ajiya ya kasance a wani wuri dabam da sabar, kuma kafin a sa hannu a takardar, a dawo da gidan daga kwafin sau ɗaya a sabar gwaji, a rubuta minti nawa ya ɗauka da matakan da aka bi.